Kurma, Karyar Riƙo

Tun da aka kwashe gidajenmu na unguwar Hindawiyya a Jidda aka bar fili fetal, na zama kaya. 'Yata ta ɗauko ni ta ajiye can saman bene a unguwar Aziziyya, a ɗakin da mukayyif ke huro sanyi ba dare ba rana, taga kuma ba ta buɗuwa sai an yi da gaske. Tsofaffin da muke shimfiɗa tabarma da su bayan la'asar kowa ya kama gabansa. Wani Makka, wani bayan gari wajen ɗansa, wani iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta mutu aka sa shi a jirgi, wani kuma shi da kansa ya mutu. Jikokina suna jin Hausa, ba laifi, amma in na yi musu magana sai su amsa mini da Larabci, ido na kan waya. Rannan na sa surukina ya bi da ni ta tsohuwar unguwar a mota. Wallahi ban gane ko ina ƙofarmu take ba. Masu rai da na tarar a wurin karnuka ne, ramammu, duk ƙazuwa, suna kwance a inuwar tarin bulo. Surukina ya ce, "Allah sarki, masakin, baladiyya, hukumar gari, za ta zo ta kwashe su." Ni dai na ƙura musu ido har muka karya kwana.

Surukin nawa mutumin kirki ne, haifaffen Jidda, Hausarsa rabi da rabi. Da muka dawo gida ya miƙo mini waya. "Baba, shuf, ga karnuka na gaske." Wasu Turawa ne a wani daji mai nisa suna farautar alade, karnukansu sanye da riguna masu kauri, da wata na'ura a wuya wai tana nuna inda kare yake. Yana ta lissafa mini sunayen irinsu, wannan na bin sawu, wannan na tarewa, wannan mai faffaɗan kai shi ke kamawa. Na bar shi ya gama. Na ce, "Mayar da shi baya. Ina mai wuƙar yake lokacin da karen ya kama?" Ya mayar. Ga mutumin nan a guje, yana faɗuwa yana tashi cikin taɓo. Na ce, "To, wannan ya san haƙƙin kare. Karɓi abinka." Bai gane ba, ni kuma ban yi masa bayani ba, don in na fara da Hausa zai ɓace a hanya, in na fara da Larabci ni zan ɓace.

Ni a bakin wani kogi na tashi, can Sudan wajen iyakar Habasha, a ƙauyen da kakanninmu suka kafa. Hajji suka fito a ƙafa daga ƙasar Hausa, guzuri ya ƙare, suka ce bari a yi noman damina ɗaya sannan a ci gaba. Daminar ce ba ta ƙare ba har aka haife mu. Ƙasa ce baƙa mai danƙo, in ruwa ya ja baya a shuka masara da kabewa da dankali a gaɓa, a tudu kuma dawa da riɗi. Abin da na fi kewa ƙarar wurin ce, luguden mata da sassafe, gwangwanayen da ake ratayewa a gona iska na kaɗa su, kukan zabi a cikin sarƙaƙiya. Nan kuwa in ba hon ba, to injin sanyi. Aikina na farko a duniya shi ne dafa wa karnuka dusa da romon kan kifi a wata tsohuwar tukunya da Inna ta haramta wa shiga madafa, in wanke musu akushi a bakin kogi, in cire musu kaska da ƙaya a tsakanin yatsu. Baba yakan ce, "Ba a kiwon kare ranar farauta." Sai kare ya ci sannan ni in ci, kuma ban taɓa jin haushin haka ba.

Abokin gabarmu gadu ne, wanda Larabawan wajen ke kira halluf. Wanda bai taɓa noma kusa da daji ba ba zai san ɓarnar dabbar nan ba. Zai durƙusa a kan gwiwa kamar mai neman gafara, ya sa hanci ya tone dankalin da ka yi wata da watanni kana wa wahala, ya karya masara ya ci kaɗan ya tattake saura. Ba cin namansa muke ba, Allah ya kiyaye. In an kashe, 'yan ƙwadagon da ke saukowa daga tsauni tsinkar auduga su zo su ja abinsu, ko ungulaye su sha biki. Farautar tsare abinci ce, kuma a duk ƙauyen gidanmu ne kaɗai ke yin ta. In gadu ya shiga gona, sunan Baba Sarkin Dawa, Allah ya ja zamaninka. In an kai amfani rumbu, sai ya koma Mai Karnuka, wanda ake ɗan janye tabarma in ya zo zama.

Karnukanmu iri-iri ne, kowa da aikinsa, ba mai shiga na wani. Akwai 'yan ƙanana jajaye masu tsinin baki, su ne masu hanci, su ke bin sawu har ramin dabgi inda gadu ke shiga da baya ya bar haure a ƙofa. Akwai sirara dogaye da muke samu wajen Larabawa makiyaya, ƙugu kamar na zanzaro, su ke cim masa in ya fito ya ɗaga wutsiya ya zura. Su cije shi a ƙafar baya su kauce, su sake, har ya gaji ya juyo ya jingina gindinsa da kututture. Daga nan sai 'yan haushi su kewaye shi su cika masa kunne, ba sa matsawa kusa, ba a kuma son su matsa. Duk waɗannan ana samunsu a ko'ina, kwanon dawa ma ya ishe ka kwikwiyo. Na riƙo ne ba a samu a wajen kowa.

Karen riƙo gajere ne, mai faɗin ƙirji, kai kamar turmi, ba ya gudu mai nisa, ba ya haushi. A igiya ake tafe da shi, da faffaɗar fatar bijimi a ɗaure daga maƙogwaro zuwa ƙirji, sai an ji muryar 'yan haushi ta tsaya wuri ɗaya a sake shi. Zai shiga kai tsaye ya cafke kunnen gadu, ya manna jikinsa da haƙarƙarin dabbar yadda haure ba zai same shi ba, ya rufe ido. Ba ya kisa, riƙewa kawai yake har mai mashi ya iso. Irin namu, in ji Baba, daga wata karya suka fito da kakansa ya taho da ita tun daga gida, aka riƙa haɗa zuriyarta da manyan karnukan Fulani masu shanu. Ba a sayar da su, ba a kyauta da su, ba a kuma raɗa wa ɗan riƙo suna sai ranar da ya yi kamunsa na farko. Baba yakan ce mini, "Ransa yake ba ka amana, daga lokacin da ya rufe baki zuwa lokacin da ka soka. In ka san ƙafarka ba za ta kai ka ba, kada ka kwance igiya." Yau kuwa a bakin tekun Jidda na ga ƙato da gemunsa yana tura wani ɗan kare mai gashi a keken jarirai, har da yi masa fifita. Tir!

A shekarar da nake magana ina saurayi, gemu ya fara tsirowa, kuma irin na riƙo ya ƙare saura karya ɗaya. Ciwo ya shigo ya kwashe wasu, maciji ya sari namijin da ake sakinsu tare, kowa ya kama kunnen gadu ɗaya. Sunanta Kurma, don in ta kama ko ganga ka buga mata a ka ba ta ji. Baƙa ce mai farin ƙirji, ga ta da kunya, in Inna na tuƙa tuwo sai ta kau da kai. Kafin namijin ya mutu ya bar ta da ciki, kuma cikin nan shi ne duk abin da Baba ya mallaka a duniya. Ya daina fita da ita. Kullum da yamma sai ya zauna ya miƙe gurguwar ƙafarsa, wadda wani gadu ya farke masa tun ina goye, ya ɗora tafin hannu a kan cikin karyar yana murmushi shi kaɗai. Ya ce in ta sauka lafiya mun tsira, in ba haka ba, abin da kakansa ya jawo daga ƙasar Hausa ya yanke a hannunsa.

Sai ga wani tsohon gadu ya sauko daga tsauni, shi kaɗai yake yawo, haurensa ya lanƙwasa har ya kusa taɓa ido. Ya yi wa gonakin gaɓa kaca-kaca. An kafa tarko ya tsinke, an haƙa rami ya kewaye. Wata Juma'a da hantsi aka gan shi ya shige sarƙaƙiyar da ke bayan gonar mai unguwa. Masallacin Juma'a a babban gari yake, tafiya ce mai ɗan nisa, saboda haka magidanta sun riga sun yi wanka, sun sa fararen jallabiyoyi, sun naɗa rawani, sai ƙamshin turare ke tashi. Haka suka zo ƙofar gidanmu, kowa da mashin da ya zaro daga rufin ɗaki.

Mai unguwa ya ce, "Sarkin Dawa, yau Allah ya kawo mana shi har gida. A fito da karyar nan."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ciki gare ta, ya tsufa. Kuma ita kaɗai ce, ba mai kama mata ɗaya kunnen."

"Haba! Ga mu nan fa, dube mu. Kafin ta gama rufe baki mun huda shi."

"To ku je ku tuɓe ku ɗaura tsumma. Ba a shiga wa gadu da riga."

Ƙanin mai unguwa, wani mai kaifin baki, ya yi dariya. "Mu tuɓe, mu sake wanka, mu rasa salla saboda alade? Aikin da bai fi shan ruwa ba? Kai dai ka fito fili ka ce ka fi son karyarka da abincin 'ya'yan Musulmi."

Wannan maganar ce ta karya Baba. Mutum ne da in ka zage shi zai yi dariya, amma kada ka ce ya bar yara da yunwa. Inna daga bayan danga ta ce, "Malam, kada ka yi." Bai taɓa ƙin jin maganarta a kan kare ba sai ranar. Ya ce musu, "Ni ƙafata ba ta gudu, kun sani. Ɗana zai zagaya da sauran karnuka ta ƙetaren rafi ya koro shi. Da ƙafafunku zan kwance igiyar nan, ba da tawa ba. Kun ɗauka?" Suka haɗa baki, "Mun ɗauka, wallahi mun ɗauka."

Na ƙetare rafin da taɓo har cinya, na zuga masu hanci suka faɗa sarƙaƙiya. Ba a jima ba na ji itace na kakkaryewa, gadun ya fito ya nufi wajen mutane, sirara suka bi, muryar 'yan haushi ta tsaya wuri ɗaya. Sai gadu ya ƙwalla ƙara. Wanda ya saba ya san wannan ƙarar, siririya ce mai tsaga kunne, alamar an kama. A ƙa'ida ba ta daɗewa, kafin ka karanta Fatiha ta yanke. Na tsaya ina jira ta yanke. Na karanta a raina, na sake, tana nan. Sai na yar da sandata na faɗa rafin, taɓo na riƙe ni ina fizga, ina ihu ban san me nake cewa ba.

Abin da na tarar, har gobe in na rufe ido ina ganinsa. Ɗan fili ne a tsakiyar ƙaya, gadu na juyi yana watsa taɓo da jini ta ko'ina, Kurma na maƙale a kunnensa. Nauyin ciki ya hana ta mannewa yadda ta saba, duk juyin da ya yi sai jikinta ya buɗe, haure ya samu. A kewaye kuma ga magidantan garinmu, fari fat, kowa ya tattare jallabiya da hagu ya ɗage ta har gwiwa, mashi a dama. Wannan ya tako gaba, jini ya fantsamo, ya yi tsalle baya yana duba rigarsa. "Shiga mana!" "Kai shiga, ta wajenka ya juya!" "A'uzubillahi, ya taɓa ni?" Ba tsoron haure suke ba, na rantse, a cikinsu akwai waɗanda suka taɓa tunkarar kura da sanda. Jinin alade suke gudu kada ya ɗiga musu a tufa ranar Juma'a. Wani ma daga nesa ya jefa mashi, abin da ba a yi in kare na riƙe, ya wuce ta gefen kanta ya cake a ƙasa.

Kafin in fizge mashi a hannun wani, Baba ya ɓullo daga cikin ƙaya da mashinsa yana jan ƙafa, ya faɗi ya tashi, fuskarsa duk a yage. Bai kalli kowa ba. Ya shiga har ƙirjinsa na gogar dabbar, ya soka a bayan kafaɗa ya danna da duk nauyinsa, jini ya wanke shi daga gemu har ƙafa. Gadu ya durƙushe, ya shure, ya mutu. Kurma ba ta saki ba. Baba ya tsuguna yana ce mata, "Ke, ya isa, na zo. Na zo, 'yar albarka." Sai da ya sa ƙotar wuƙa ya ɓamɓare haƙoranta. Ta dube shi ta kaɗa wutsiya, cikinta a farke, hanji a ƙasa.

Mai unguwa ya ɗaga kai ya dubi rana. "Sannu da ƙoƙari, Sarkin Dawa. Allah ya mayar da alheri. Jama'a, mu hanzarta, lokaci ya tafi." Ƙaninsa ya ƙara da cewa, "A yi haƙuri, kare ne, za a samu wani." Suka jera suka tafi suna kakkaɓe gefen riga, kuma na ji an ce sun samu sahun gaba. Na yi gadin bene a Bagdadiyya har kaina ya yi fari, na ga kafilin, wato ubangidan da takardunka ke hannunsa, da zai yi maka murmushi da safe ya kore ka da yamma, na haɗiye zagin yaran da na yi jika da su. Duk bai ƙona mini rai kamar wannan "sannu da ƙoƙari" ba, kuma ban yafe ba, ko da yake yawancinsu yanzu suna ƙarƙashin ƙasa.

Kurma na cikawa Baba ya ƙarasa farka cikin da wuƙarsa. Haure ya riga ya taɓa 'ya'yan, sai guda ɗaya da ke motsi, ido a rufe. Ya share masa hanci, ya hura masa iska, ya cusa shi a hammata. Ya kwance fatar wuyan Kurma ya ba ni in riƙe, muka haƙa rami a gindin aduwa muka rufe ta. Ranar bai je Juma'a ba, a kogi ya yi wanka ya yi azahar a gida.

Inna ce ta raini kwikwiyon, ita da ba ta yarda kare ya shinshina mata tukunya ba. Nonon akuya a tsumma, kwanciya a kwando kusa da murhu. Ya rayu. Ya girma ya zama uwarsa sak, har farin ƙirjin, kai ma ya fi nata. Baba ya dawo da murmushinsa. Yakan ba shi tsohuwar fata ya cafke, ya ɗaga shi sama yana lilo bai saki ba, ya ce mini, "Ka gani? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Abu ɗaya ne ya rasa. A al'ada ɗan riƙo a gefen babba yake koyo, a sake su tare ya ga yadda ake shiga, ya kama kunnen da ya rage. Shi ba shi da wanda zai bi. Na faɗa wa Baba haka, ya ce in rufe masa baki. Mutanen gari kuwa, da gadu ya sake damunsu, sun dawo da "Sarkin Dawa" ba kunya ba tsoron Allah, suna leƙen danga suna tambaya yaushe karen zai fara aiki. Sunan ma da Baba ya tanadar wa karen bai faɗa wa kowa ba, har Inna.

Da ya cika ƙarfi, bayan girbi, muka fita mu biyu ba mu gaya wa kowa ba. Baba ya zaɓi wuri, fili mai tauri inda ƙafarsa za ta kai shi, ni kuma mashi a hannuna, na tuɓe sai wando. Masu hanci suka tayar da wani matashin gadu, haurensa bai fi yatsa ba, sirara suka tsayar da shi a gindin magarya, 'yan haushi suka kewaye. Baba ya durƙusa ya ɗaura wa karen fatar wuyan uwarsa. Ya yi bisimilla ya kwance igiya.

Karen ya tafi ƙasa-ƙasa, shiru, irin tafiyar Kurma. Ina biye da shi a guje, ina jin Baba a bayana yana cewa, "Haka ne! Haka ne, ɗan albarka!" Saura ƙiris ya isa kunnen sai ya turje, ƙura ta tashi. Ya tsaya. Ya dubi gadu, ya waiwayo ya dube mu. Sannan ya ja da baya ya shiga cikin 'yan haushi, ya buɗe wannan ƙaton bakin, ya fara haushi.

Gadu ya ga kafa ya ɓalle. Ni kuwa idona ya rufe, na juya gindin mashi na yi kan karen zan rotsa masa kai, ina zaginsa ina kuka. Baba ya iso ya riƙe mini hannu. Ya tsuguna a gaban karen, ya kwance fatar a hankali, ya naɗe ta ya sa a jaka, ya shafa masa kai.

Ya ce, "Ƙyale shi. Ya fi uwarsa hankali. Ya san ba mai zuwa."